Jar-Waya da Ruwan da Ke Hawa Dutse

Shagonta yana lungu na uku bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai sayar da bokitai, kuma duk wanda fankarsa ta taɓa ƙonewa a garin ya san hanya. Ɗaki ne guda mai ƙofar ƙarfe. Tun daga bakin ƙofa warin ƙonanniyar waya zai tarbe ka. A bango an kakkafa ƙusoshi, kowace ƙusa da nata ƙullin jar waya, daga mai kaurin tsinken tsintsiya har zuwa siririya kamar gashin kai. Daga nan sunan ya samo asali. Jar-Waya ake ce mata, babba da yaro, har jikokinta, sai dai su suna ƙara Kaka a gaba don kada a ce ba su da kunya.

Sana'ar ta mahaifinta ce. Shi ne mai naɗa wa injuna sabuwar waya idan sun ƙone: fanka, injin markaɗe, famfon rijiya, duk abin da ke juyawa da lantarki. Yana da 'ya'ya maza biyu, ɗaya ya bi tuƙin mota, ɗayan ya ce shi hannunsa ba na tsatsa ba ne. Da yanar ido ta fara kama tsoho, ita ce ta ja kujera ta zauna a bayan labule, tana da shekara goma sha tara. Mutane su kawo aiki su miƙa wa Baba, Baba ya shafa injin da tafin hannu ya ce a dawo jibi, ita kuma ta naɗa. Shekara shida ana yabon hannun tsoho a gari, har ana cewa da idonsa ya tafi ma aikinsa ya fi kyau.

Da ya rasu, bayan an watse daga makoki, ta cire labulen ta buɗe ƙofa. Wanda ya fara zuwa wani mai injin markaɗe ne, ya zo kwashe kayansa.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji shi. "Sai dai zan kai injina wani wuri. Kin san abin ba na mata ba ne."

"Wanda ke rumfarka yana ta ruri shekara huɗu, ya taɓa ba ka kunya?"

"Ai wannan aikin Baba ne."

"Baba ko hancinka ba ya gani a lokacin. Ɗauki abinka. In sun ƙona maka shi ka dawo, ƙofa a buɗe take."

Sati biyu ya dawo, kansa a ƙasa. Ta nuna masa inda zai ajiye.

Mijinta masunci ne, dogo mai faffaɗan tafin ƙafa, wanda saboda ƙarancin maganarsa ake kiransa Shiru. Haɗuwarsu ma abin dariya ce. Sau uku yana kawo mata fanka ɗaya gyara, fankar nan kuwa lafiyarta lau. A na ukun ta jona ta ta kunna, iska ta kaɗa masa riga, ta ce, "Fankarka ƙalau take. Kai ne ba ƙalau ba. Faɗi abin da ke bakinka, ina da aiki." Ya yi ta murza hula har Allah ya ba shi ikon faɗa. Suka haifi 'ya'ya huɗu. Shi yana kogi tun sassafe, ita tana shago, da yamma kowa ya dawo da warin sana'arsa, ba mai yi wa wani gori.

Kogin ne ya fara lalacewa. Garejoji suka yi layi a gaɓarsa ta sama, manyan motoci suna shiga ana wanke su, baƙin mai yana gangarowa yana kwanciya a kan ruwa launi-launi. Kifi ya ragu, wanda ya rage kuma ba ya ciwuwa. Wata rana Shiru ya kawo wata ƙatuwar karfasa, ta gyara ta da kyau ta dafa. Ya kai loma ɗaya baki, ya tauna, ya tsaya. Ita ma ta ɗanɗana. Dizal ne zalla, kamar ka lashi murfin tanki. Ya tashi ya wanke hannu, ya naɗe tarunsa ya rataye a bayan ƙofa, daga ranar bai sake taka kogi ba. Ya koma zaman benci a shagonta yana warware mata ƙonanniyar waya, shekara bakwai, yana ƙara shiru a kan shirunsa. Ita ba mai kuka ba ce. Abin ya tsaya mata a rai ne kawai, kuma duk wanda ya shigo shagon da warin dizal a riga sai ya sha harara bai san laifinsa ba.

A bayan gari akwai wani rami da kamfanin fasa dutse ya haƙa ya tafi ya bari. Faɗinsa ya kai filin ƙwallo uku, gefe ɗaya gangara, ɗaya gefen bangon dutse ne tsaye. Ruwan sama ya cika shi, wani idon ruwa kuma ya ɓullo a ƙasansa, don haka ko da rani ba ya ƙafewa. Masuntan garin, waɗanda yawancinsu sun koma dako da gadi, suka nema da sunan ƙungiyarsu a ba su shi su mai da shi tafkin kamun kifi. Aka ba su, har da tallafin sayen kayan wuta. Malamin kifi da aka turo ya duba ya ce ruwan yana da kyau, amma tsayayye ne. Kifi ma iska yake shaƙa a cikin ruwa, in ji shi, iskar nan kuwa tana ƙarewa gab da wayewar gari idan ba abin da ke motsa ruwan. Tarwaɗa za ta jure, karfasa ba za ta kai labari ba. Dole a samu abin da zai riƙa dama ruwan, dole kuma a ba shi wuta, ga shi turakun lantarki ba su kai can ba.

Aka kira taro a wani ajin makarantar firamare, manya-manyan mutane a kan ƙananan kujeru, gwiwa har haɓa. Ba a gayyace ta ba. Ta dai rufe shago ta bi bayan mijinta, ta zauna a layin ƙarshe da man inji a hannun rigarta.

Ƙanin mijinta ne ya fara magana. Janareta yake sayarwa yana kuma gyarawa, mutum mai fara'a da tumbi, shekara talatin suna tsokanar juna da ita. Ya ce maganar ba ta da tsawo: a sayi babban janareta a kafa a bakin ruwa, a sa mai gadi ya riƙa zuba masa mai. Aka yi ta gyaɗa kai.

"A bakin wane ruwan?" in ji ta daga baya.

Ciyaman, wani tsohon masunci mai son a yi komai bisa tsari, ya leƙo ta saman gilashinsa. "Jar-Waya, taron nan na 'yan ƙungiya ne."

"Mijina ɗan ƙungiya ne, kuma kowa ya san ni ce bakinsa. Na ce a bakin wane ruwan? Dizal ya kore ku daga kogi, yanzu ku da kanku za ku ɗauko shi a jarka ku raka shi sabon wuri? Ƙanina, faɗa musu tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin ƙasan janareta a bushe?"

"Matar yaya, ai tire ake sawa a ƙasa."

"In tiren ya cika a zubar a ina? A aljihunka?"

Aka kwashe da dariya. Ƙanin mijin ya ce to ta faɗi nata. Ta ce farantan sola. Ya tafa hannu ya ce ai ga ta nan, malamin kifi ya ce kafin gari ya waye ake buƙatar wutar, ko tana da wata ranar a ɓoye a shagonta mai fitowa cikin duhu? Manyan batura kuwa, kowa ya sani, tallafin ba zai kai ba, in ma an samu shekara biyu sun mutu.

Ta taso ta zo gaban allo ta ɗauki guntun alli. Ashe ta riga ta je ramin sau biyar ba wanda ya sani. A saman bangon dutsen, in ji ta, masu fasa dutse sun bar wani kwarmi mai faɗi kamar ƙaton daro. A toshe tsagoginsa da siminti. Da rana sola ta juya famfo, famfo ya tura ruwan tafki sama ya cika kwarmin. Idan lokacin da malamin kifi ya faɗa ya yi, bawul, wato makullin bututu, ya buɗe da kansa, ruwa ya gangaro ta kan matakalar dutse yana fantsama yana kumfa, ya faɗa tafki ɗauke da iska.

"Batirina ke nan," ta ce, ta ƙwanƙwasa allon da alli. "Ba ya mutuwa, in ma ya yi yoyo ruwa ne."

"Wato ruwa zai hau dutse," in ji wani daga tsakiya.

"Kai ma da aka tura ka makarantar nan ai ka hau aji biyu kafin ka gangaro."

Hayaniya ta kaure, wasu na cewa a gwada, wasu na cewa ba a wasa da abincin mutane. Sai Shiru ya miƙe. Da yawa a ajin sun manta rabon da su ji muryarsa a taro.

"Ni na ci kifin dizal," ya ce. "Ba zan ƙara ba."

Ya zauna. Ciyaman ya cire gilashi ya daɗe yana gogewa da bakin riga, sannan ya ce an ba ta shekara ɗaya. In abin bai yi ba za a kawo janareta, kuma kada a sake jin bakinta.

Ta jawo Mai Walda, sa'anta da ke ƙarshen lungunsu, wanda bugun ƙarfe ya kashe masa kunne ɗaya, don haka hirarsu duk ihu ce kamar masu faɗa. Wata biyu ba ta buɗe shago sai rana ta karkata. Farantai ashirin da huɗu aka kawo, ita ta tsaya aka jera su suna fuskantar inda rana ta fi daɗewa, a ɗan karkace don ruwan sama ya riƙa wanke su. Masunta suka yi ta hawa da buhunan siminti a ka suna ƙunƙuni, ita tana gaba da shekara hamsin da bakwai da gwiwa mai ƙara. Matakalar kuwa ta hana a goge ta. Ta ce a bar duwatsun da kaifinsu, ruwa ya fi farfashewa. Bawul ɗin ta haɗa shi da agogon wani tsohon injin wanki da ɗan batirin babur.

'Yarta ta fari, mai aikin jinya a wani gari, ta bugo waya.

"Mama, an ce an gan ki a kan dutse da tsani. Me kike nema ne a duniya?"

"Wa ya gaya miki?"

"Baffa."

"Ki ce masa ya zo ya riƙe mini tsanin, tumbin nan ya yi rana."

Ranar da aka kunna famfon, da hantsi, mutane suka cika saman dutsen. Bututu ya yi gurnani, ya yi tari, ya tofar da iska da tsatsa, sannan ya yi tsit har wani ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Sai ruwa ya ɓarke daga bakinsa, kauri kamar cinyar mutum, ya bugi ƙasan kwarmin ya fantsamo wa na gaba-gaba. Mai Walda ya cilla hularsa sama, ta faɗa tafki bai damu ba. Jar-Waya kuwa tana ƙasa, tafin hannunta a jikin famfo tana jin ko yana zafi. Aka zuba 'ya'yan kifi. Wata biyar komai yana tafiya daidai, kullum da safe a tarar da matakala a jiƙe, bakin tafki da farin kumfa, kifi yana ƙiba.

Sai damina ta yi tsakiya, gari ya yi lumshi. Ba ruwan kirki, ba rana, sai gajimare mai kauri kamar bargo. Famfo yana juyawa da ƙyar kamar mai zazzaɓi. Rana ta biyu ta hau ta ga kwarmin rabi. Rana ta uku ta ga ƙasansa. Ta ce wa kanta gobe gari zai washe, ba ta gaya wa kowa ba. Har yau in ta tuna wannan shirun sai ta ciji leɓe.

Safiyar rana ta huɗu, tun kafin ta ƙarasa gangarar ta ga mutane tsaitsaye a bakin ruwa. Gefen tafkin ya yi fari fat. Karfasa ce, ciki sama, ɗaruruwa, iska tana turo su bakin gaɓa suna gugar juna. Shiru ya tsugunna ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya mayar a hankali. Wata mata da mijinta ya bar gadi saboda tafkin nan ta matso har numfashinta na dukan fuskar Jar-Waya, ta ce, "Ga ruwan da ya hau dutse. Sai ki dafa mana dabara mu ci."

Ba a jima ba aka ji ƙarar mota. Ƙanin mijinta ne a akori-kura, janareta a baya da jarkoki biyu. Yau ba wasa a fuskarsa. Ya nufo gangarar da za ta kai shi bakin ruwa, sai ta tako ta tsaya a tsakiyar hanya. Ya yi oda. Ko gezau. Ya tsaya, hancin motar na taɓa zaninta.

"Matar yaya, matsa."

"Sai dai ka bi ta kaina."

"Jar-Waya!" Ciyaman ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "Ba ki ga abin da kika jawo ba?"

"Na gani. Laifina ne, ba na kowa ba. Na yi shirin rana, ban yi shirin gajimare ba, na kuma ga kwarmin yana ƙafewa na yi shiru. Ku zage ni, na cancanta. Amma shekara kuka ba ni, shekara ba ta cika ba, kuma jarkar nan ba za ta sauka bakin ruwan nan ba ina numfashi."

"To sauran kifin fa? Su ma su jira shekara ta cika?"

Ta juya ta dubi tafkin. Can tsakiya ruwan yana motsi tsit-tsit, ƙananan bakuna ne birjik a sama suna buɗewa suna rufewa. Masu rai ne, suna neman iska. Wannan ne ya karya mata gwiwa, ba tsawar Ciyaman ba. Ta nuna wa ƙanin mijinta can saman hanya, wani dandamalin kankare inda kamfanin ke auna motocinsa a da, taku ɗari uku daga ruwa.

"A can za ka sauke shi. A kewaye shi da yashi. Waya ni zan ja da hannuna har famfo. Kuma baƙo ne, ba ɗan gida ba. Kwana arba'in na ba shi."

"In arba'in ta cika fa?"

"Ka zo da motarka."

Ta kwaso duk wayar da ke shagonta mai kauri ta ja layin da kanta, kafin rana ta take famfo yana aiki da wutar janareta. Ƙararsa tana shiga mata har ƙashi. Masunta suka shiga kwale-kwale suna dukan ruwa da filafili, aka kwashe matattun aka binne. Kusan rabin kifin ya tafi. A kasuwa mutane suka daina amsa mata gaisuwa da kyau. Wani ya rubuta mata baƙar magana da gawayi a ƙofar shago, ta ƙi gogewa, ta ce rubutun ma akwai kuskure, mai shi ya zo ya gyara.

A ranar da kifin ya mutu ne, da ta hau dutsen duba bawul, iska ta fizge mata ɗankwali ta yi gaba da shi. Ta tsaya da kai a buɗe tana tunani. Kwana huɗun nan da rana ta ɓuya, kullum ta hau nan sai ta dafe ɗankwali da hannu ɗaya. A ƙasa ba ka jin komai, amma a saman dutsen iska ba ta huta ba ko sau ɗaya.

Ta sauko ta tarar da Mai Walda ta yi masa ihu a kunnensa mai ji: "Fanka za mu yi! Amma ta baibai! Iska ta juya ta, ita ta ba da wuta!"

Ba abin da ta sani a duniya kamar cikin fanka. Ta fito da maganaɗisun da ta shekara da shekaru tana cirewa daga matattun injuna tana tarawa a gwangwani. Ta zauna naɗa kwayil, wato ƙullin waya, guda tara, kowanne zagaye saba'in, yatsunta da suka fara sanƙarewa suna tsagewa tana ɗaure su da tsumma. Shiru yana riƙe mata bakin waya. Mai Walda ya samo boris na ƙafar wata mota, aka yanka fukafukai uku daga ƙaton bututun roba. Kwana goma sha takwas aka kafa ta a kan gajeren turke don gwaji.

Ta juya, ta ba da wuta, har Jar-Waya ta fara murmushi. Sai aka yi wata guguwa da la'asar, fankar ta haukace tana kuka kamar jirgi, fiffike ɗaya ya ɓalle ya yi sama, ya sauka a kan rufin kwanon rumfar ƙungiya. Ciyaman yana ciki yana shan shayi. Ya fito a guje da kofi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Kin kashe kifi, yanzu ni kike nema?"

"Da kai nake nema ai da ban kuskure ba. Ba ni fiffikena."

Ranar har matar da ta yi mata baƙar magana sai da ta yi dariya ta riƙe ciki. Jar-Waya ta gane inda ta yi kuskure: ta koya wa fankar fuskantar iska, ba ta koya mata kau da kai ba. Suka yi mata jela mai lanƙwasa, wadda in iska ta yi yawa sai ta naɗe ta juyar da fankar gefe. Wannan ya ci musu kwana goma sha biyu da faɗa kusan ashirin.

Saura ɗaga dogon turken ƙarfe a saman dutse, abin da ƙarfin mutane ba zai iya ba. Ana cikin shawara sai ga akori-kurar ƙanin mijinta ta zagayo ta bayan dutsen da igiya a ciki.

"Kada ki ɗauka taimako na zo," in ji shi. "Na zo ne in ga faɗuwarta da idona."

"To ɗaura igiyar da kyau, ka fi ganin faɗuwar daga kusa."

Motar ta ja, turke ya miƙe a hankali, aka ɗaure shi da wayoyi huɗu. Kwana na talatin da bakwai ke nan. Ta jona fankar da famfo, ta gangara dandamalin ta zare wayar janareta da hannunta.

Ba a yi sati biyu ba lumshi ya dawo. Wannan karon ba ta ɓoye komai ba. Ta kafa sanda mai zane a cikin kwarmin, ta ce duk mai so ya hau ya duba da idonsa. Ciyaman da kansa ya riƙa hawa safe da yamma yana haki. Ƙanin mijinta ya bar janareta cike da mai, a shirye. Kwana ɗaya, ruwa ya sauka zane biyu. Kwana biyu, ya sauka zane ɗaya. Fankar tana ta juyawa a ƙarƙashin baƙin gajimare, famfo yana turawa, ba da ƙarfin rana ba, amma bai tsaya ba. Rana ta uku ruwan ya tsaya a sama da rabi ya ƙi sauka. Kwana biyar aka yi kafin gari ya washe, ko kifi ɗaya bai juya ciki ba. Malamin kifi ya zo ya tsoma abin awonsa, ya duba, ya sake tsomawa, ya ce shi dai a makaranta ba a koya masa wannan ba.

Ƙanin mijinta ya loda janaretansa da kansa. Da zai tafi ya leƙo ta tagar mota.

"Kin rage mini ciniki, matar yaya."

"In naka sun ƙone ka kawo, zan naɗa maka."

Da aka buɗe tafkin kamu, Shiru ne aka ce ya fara jefa taru. Ya tsaya a kan kwale-kwale, ya karkata kafaɗa, tarun ya buɗe a sama ya sauka da'ira cif, kamar bai taɓa ajiye shi ba. Ita tana saman dutse tana shafa wa boris mai, daga can ta gani. Ba ta sauko ba sai da ta gama.

Yanzu shekararta sittin da ɗaya. Masunta arba'in da wani abu ne ke ci daga tafkin, ranar hutu kuma ma'aikata da iyalansu suna zuwa da fatsa su jera a gaɓa. An ƙara fanka ta biyu. Ba ta hawa turke kuma, gwiwa ta hana, amma tana tsayawa a ƙasa tana ba da umarni da murya mai kaiwa ƙetaren ruwa. Har yau ba 'yar ƙungiya ba ce, kuma har yau ba a yin taro ba ta.

Rigimar da ake ciki yanzu ta ɗakin sanyi ce. Ta ce kifi yana lalacewa a hannun mata kafin su kai kasuwa, wutar da ke raguwa da tsakar rana kuwa ta isa ta riƙe firiza uku. Ciyaman ya ce a'a, a bar abu yadda yake, an gaji da gwaje-gwaje. Aka ɗaga hannu, masu a'a suka yi rinjaye.

Washegari da safe ya zo ya tarar da ita a bayan rumfar ƙungiya da igiya da turaku, Mai Walda yana riƙe da ɗaya bakin igiyar.

"Jar-Waya, jiya ba ki ji abin da aka yanke ba?"

"Na ji sarai."

"To me kike aunawa?"

"Ƙasa nake aunawa. An hana auna ƙasa ne?" Ta buga turke da dutse, ta miƙe tana dafe da gwiwa. "Matsa kaɗan, Ciyaman, a kan ƙofar kake tsaye."